Hoto Uku Daga Tudu Ɗaya: Kogin Ƙanƙarar Muir, 1941 Zuwa 2004

Ranar 13 ga Agusta, 1941, wani Ba'amurke mai suna William O. Field ya hau wani tudu da ake kira White Thunder Ridge a kudu maso gabashin Alaska, ya kafa kyamararsa tana duban arewa maso gabas, ya ɗauki hoto. Baƙi da fari ne. A gaba-gaba dutse ne tsura, ko ciyawa babu. Daga nan sai ƙanƙara ta cika kwarin maƙil, daga gindin wannan dutse har gindin wancan, duk ta tsattsage kamar bayan kada, ga wasu baƙaƙen layuka sun bi tsawonta suna lanƙwasa. Can ƙurya kuma manyan duwatsu ne masu farin kai. Wanda bai san wurin ba zai kalla sau ɗaya ya wuce abinsa.

Bayan shekara tara, ranar 4 ga Agusta, 1950, Field ya sake hawa tudun, ya tsaya inda ya tsaya a da, ya sake ɗauka. Wannan karon ruwa ya shigo cikin hoton, ruwan teku, da gutsattsarin ƙanƙara suna yawo a kai. Bakin ƙanƙarar ya ja baya fiye da kilomita 3.

Na ukun shi ne wanda ya zaga duniya. Ranar 31 ga Agusta, 2004, shekara goma bayan rasuwar Field, wani masanin duwatsu mai suna Bruce Molnia, ma'aikacin hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wato USGS, ya kai kansa wannan tudu ya ɗauki nasa, mai kala. Inda ƙanƙara ta cika a da, yanzu ruwa ne shimfiɗe. Inda dutse yake tsura, yanzu ganye ne kore shar, ya yi duhu har yana neman rufe gaban kyamarar. Duwatsun ƙurya ne kaɗai suke nan yadda aka bar su, kuma su ne shaidar cewa wuri ɗaya ake kallo. A lissafin Molnia, tsakanin 1941 da 2004 kogin ƙanƙarar Muir ya ja baya fiye da kilomita 12, kaurinsa kuma ya ragu da fiye da mita 800.

Abin da ya ja ni ga wannan lamari shi ne yadda hoton da ba wanda zai rataya a bango don kyansa ya fi dubban hotunan faɗuwar rana a kan duwatsu amfani, da kuma inda amfanin nasa ya tsaya.

Wurin da abin da ke cikinsa

Kogin ƙanƙara sunansa ya dace da shi. Dusar ƙanƙara ce ke zuba a kan manyan duwatsu shekara da shekaru, zafin bazara bai isa ya narkar da ita duka ba, ta sama ta danne ta ƙasa har ta koma ƙanƙara mai tauri. Idan ta yi nauyi sai ta fara gangarowa kwari a hankali. Yana da mafari, yana da rassa masu zubowa cikinsa, yana da baki. Baƙaƙen layukan nan na hoton 1941 tarkacen duwatsu ne da kowane reshe ya kwaso daga gefen kwarinsa. Inda rassa biyu suka haɗu, tarkacensu ya haɗu ya zama layi a tsakiya. Mai ido zai iya ƙirga rassan kogi daga layukansa.

Idan aka ce kogin ƙanƙara ya ja baya, kada a zaci ƙanƙarar ce ta juya ta koma sama. Kullum gangarowa take yi. Bakin ne ake ci fiye da yadda ake kawo masa, ko ta narkewa, ko ta ɓallewar manyan curi zuwa cikin teku, sai a ga ƙarshensa yana matsawa sama.

Muir yana cikin yankin da ake kira Glacier Bay. Asalin ƙasar 'yan ƙabilar Tlingit ce, kuma tarihinsu na baka ya riƙe labarin lokacin da ƙanƙara ta gangaro ta kore su daga mazauninsu, suka koma suka kafa garin Hoonah. A 1794, lokacin da ayarin jiragen George Vancouver na Ingila ya bi ta wurin, babu wani mashigin ruwa na a zo a gani, bangon ƙanƙara ne kusa da baki. Yau jirgin ruwa yana shiga ciki kusan kilomita 100. John Muir, masanin halittu da muhalli wanda aka sa wa kogin sunansa, ya zo a 1879 cikin kwalekwale, 'yan Tlingit ne suka yi masa jagora. Daga 1883 jiragen 'yan yawon buɗe ido suka fara kawo mutane kallon bangon ƙanƙarar, har girgizar ƙasar watan Satumba na 1899 ta farfasa bakinsa, curin ƙanƙara suka toshe hanya, aka yi shekaru jiragen ba sa iya matsowa. An mai da yankin wurin da gwamnati ke karewa a 1925, aka ɗaga shi zuwa gandun ƙasa a 1980.

Mutumin da ya fi shafar batunmu a wancan zamani shi ne Harry Fielding Reid, wanda ya yi awon Muir a 1890 da 1892, ya zana taswira, ya kuma ɗauki hotuna daga wuraren da ya yi wa alama. Shi ne daga baya, bayan girgizar ƙasar San Francisco ta 1906, ya yi bayanin yadda dutse ke tara matsi a hankali sannan ya saki gaba ɗaya. Field, wanda ya fara zuwa Glacier Bay a 1926, sawun irin su Reid ya bi: a nemo inda na baya suka tsaya, a tsaya a nan, idan ƙanƙara ta wuce inda ido ke kaiwa a kafa sabuwar tasha a ba ta lamba. Tudun da ya hau a 1941 ɗaya ne cikin waɗannan tashoshi.

Komawa inda wani ya tsaya

A faɗe abin da sauƙi. A aikace nan ne duk wahalar take, kuma nan ne mai ɗaukar hoton ƙawa da mai ɗaukar hoton shaida suke raba hanya.

Mai neman kyau yana da 'yanci. Zai matsa hagu don reshen itace ya shigo, ya durƙusa don dutsen ya yi tsawo, ya jira hadari ya buɗe. Mai maimaita hoto ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Wani ya riga ya zaɓar masa wurin tsayawa tun kafin a haife shi, aikinsa shi ne ya nemo wurin, ko da mummuna ne.

Dabarar da ake bi kowa zai iya gwada ta a ɗakinsa. Ka miƙa hannu ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya ka rufe ɗayan. Yatsan zai yi tsalle a kan bangon da ke bayansa. Abu na kusa yana gocewa a kan abu na nesa duk lokacin da ido ya sauya wuri. To, haka mai maimaita hoto yake yi da tsohon hoton a hannunsa. Zai nemi wani tsinin dutse na kusa-kusa, ya duba a tsohon hoton daidai ina ya faɗa a jikin dutsen da ke can baya, ƙarƙashin wace tsaga, gefen wane ƙololuwa. Idan a idonsa tsinin ya goce dama, sai ya taka dama har ya dawo mazauninsa. Idan dutsen baya ya nutse fiye da kima a bayan na gaba, ya san ya yi ƙasa, sai ya ƙara hawa. Da tsini biyu ko uku a sassan hoton daban-daban, ana iya matse wurin zuwa 'yan mitoci. A kan tudu mai santsi, da kaya a baya, wannan 'yar rawa tana iya cin yini.

Akwai kuskuren da mutane da yawa ke yi a nan, har da waɗanda suka daɗe da kyamara. Suna zaton gilashin gaban kyamara ne ke sauya yadda abubuwa ke jeruwa, wai mai jawo nesa yana matse duwatsu wuri ɗaya, mai faɗi yana ware su. Gilashi faɗin abin da zai shiga hoton kawai yake yankewa. Jerin abubuwa, wane ne gaban wane, wane ya rufe wane, wurin tsayawa ne kaɗai ke hukunta shi. Shi ya sa idan ba a san irin gilashin da na farko ya yi aiki da shi ba, ba a shiga uku ba: a ɗauka da faɗi, a yanke gefe daga baya. Amma idan aka kuskure wurin tsayawa, babu manhajar da za ta gyara. Kuma kuskuren yana iya yin ƙarya ba da niyya ba. Ka sauka mita hamsin ƙasa da tashar, wani tudu ya rufe rabin ƙanƙarar, ga shi ka narkar da ita da ƙafarka.

Sai batun kwanan wata, wanda a ganina shi ne abin da ya fi ɗaure wannan lamari. Duba ranakun: 13 ga Agusta, 4 ga Agusta, 31 ga Agusta. Duk a wata ɗaya, a ƙarshen bazarar arewacin duniya. Ba dace aka yi ba. A lokacin ne dusar da ta zuba a hunturun bara ta narke daga ƙananan wurare, ainihin gefen ƙanƙarar ya fito fili. Da Field ya ɗauka a watan Mayu, fari ne zai rufe komai, ba a bambanta tsohuwar ƙanƙara mai kaurin ɗaruruwan mitoci da dusar jiya mai kaurin taku ɗaya. Yawancin hotunan "da" da "yanzu" da ke yawo a hannun mutane a nan suke faɗuwa: na farko a cikin hunturu, na biyu a tsakiyar bazara, sai a ce a zo a ga abin da ya faru cikin shekara ashirin, alhali abin da ake gani yana faruwa kowace shekara cikin wata biyar.

Haske ma yana da nasa sharri. Ma'aunin haske na kyamara an tsara shi ya mai da duk abin da ya gani toka-toka matsakaici. Idan fari ya cika fili, sai ya rage haske, dusar ta fito kamar toka, duwatsu su zama baƙaƙe ƙirin. Masu ɗaukar ƙanƙara sun san sai an ƙara mataki ɗaya ko biyu da hannu. Idan kuma aka zarce, farin ya ƙone, tsage-tsagen da layukan su ɓace, alhali su ne abin da mai nazari ke nema. Don haka ranar da gajimare ya lulluɓe sama sama-sama, wadda mai neman kyau zai ce ta ɓaci, sau da yawa ita ce ranar aiki, muddin ƙololuwar duwatsu na waje.

Ƙasar kanta ba ta tsaya wuri ɗaya ba, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Nauyin ƙanƙarar da ta zauna a Glacier Bay ya danna ɓawon ƙasa ƙasa. Da ta tafi, ƙasar tana tasowa, a wasu wurare kusan santimita 3 a shekara, wanda yana cikin mafi sauri a duniya. Cikin shekara 63 wannan ya kusa mita biyu. Bai isa ya ɓata jerin duwatsu ba, amma ya isa ya matsar da bakin ruwa a inda gaɓa ke da shimfiɗa. Tsohon rubutu da ya ce "taku kaza daga bakin ruwa" sai ya kai mutum wani wuri dabam. Haka ma allurar kamfas: arewar da take nunawa tana gocewa da shekaru, dole a gyara lissafin kafin a bi kwatancen na da. Masu binciken da suka koma a 2016 neman 'yan filayen gwajin tsirrai da William S. Cooper ya kafa a yankin tun 1916 sun sha wannan fama, da tsofaffin hotuna da zane-zanen hannu suka yi ta lalube har suka same su.

Inda ido ke ruɗuwa

Gani ya kori ji, haka ne. Amma akwai abin da kusan kowa ke gani ba daidai ba a hoton 2004. Can ƙurya akwai sauran ƙanƙara tana gangarowa zuwa ruwa, mutane sukan nuna ta su ce ga abin da ya rage na Muir. Ba Muir ba ne. Riggs ne, wanda a 1941 reshe ne kawai mai zubawa cikin Muir. Sun rabu wajen 1960. Muir kansa ya fice daga hoton baki ɗaya, ya yi hagu, ya shige bayan duwatsu ta arewa maso yamma, kuma tun farkon shekarun 1990 bakinsa ya daina taɓa teku. Wato hoton da aka fi sani a matsayin hoton Muir, babu Muir a cikinsa. A nan hoton ya rage girman abin ne ma, bai ƙara ba.

Batun kauri shi ma ido ba ya kama shi da kansa. A irin wannan fili babu gida, babu mutum, babu abin da za a gwada girma da shi. Ido ba mudu ba ne, kuma a kan ƙanƙara ko kimar ma ba ya sani. Dutsen da kake zaton tafiyar minti goma ce yana iya zama na rabin yini. Masu nazari jikin duwatsun gefe suke dubawa: inda saman ƙanƙarar ya taɓa a tsohon hoto, su nemo wurin a taswira mai nuna tsayi. Kuma a tuna, ruwan da ke hoton 2004 yana da zurfi; ƙanƙarar 1941 ta cika har ƙasan wannan ramin, ba iya abin da ya fito sama ba.

Sai babbar tambaya, wadda hoton ba ya amsawa ko kaɗan: me ya sa?

An yi ta amfani da waɗannan hotuna a matsayin hujjar ɗumamar yanayi, kuma an yi ta kai musu hari ta wannan ƙofa. Masu suka suna cewa ai Muir ya fara ja da baya tun ƙarni na 18, kafin masana'antu su cika sama da hayaƙi. Wannan gaskiya ne. Suna kuma cewa a cikin gandun nan ɗaya akwai kogin Johns Hopkins da ya yi ta matsowa gaba, ga kuma Hubbard can arewa, wanda ya matso har ya toshe mashigin Russell sau biyu, a 1986 da 2002. Wannan ma gaskiya ne.

Bayanin yana cikin halin kogin da bakinsa ke cikin teku. Irin wannan yana tura tudun laka da tsakuwa a gabansa a ƙarƙashin ruwa, kamar katanga, wadda ke kare bakinsa daga ruwa mai zurfi. Muddin yana jingine da katangar, ɓallewa kaɗan ce, yana iya matsowa gaba a hankali ƙarni guda ko fiye. Ranar da ya ɗan saki katangar, ko da 'yan shekarun zafi ne suka jawo, bakinsa ya faɗa ruwa mai zurfi, sai ɓallewa ta ƙaru, ya ja baya zuwa inda ya fi zurfi, ta ƙara ƙaruwa. Daga nan ba ya tsayawa sai ya kai ruwa marar zurfi ko tudu, ko yanayi ya yi sanyi ko bai yi ba. Kogin Columbia, shi ma a Alaska, haka ya yi daga wajen 1980, ya ja baya fiye da kilomita 20. Lissafin Muir kansa ya nuna alamar haka: kilomita 3 a shekara taran farko ya haura mita 330 a shekara, alhali matsakaicin shekara 63 ɗin wajen mita 200 ne. Gudun ba ɗaya ba ne, zurfin ruwa da faɗin kwari suna da hannu a ciki. Johns Hopkins kuwa daga duwatsun Fairweather yake samun dusarsa, masu tsayin da ya haura mita 4,600, inda sanyi bai gaza ba tukuna. Muir daga duwatsun da ba su kai haka ba yake sha.

To, masu suka sun yi nasara ke nan? A ganina a'a, sun dai kama kuskuren masu ɗora wa hoto ɗaya kayan da ba nasa ba. Hujjar ɗumama tana cikin jimilla. Wani awo da aka yi daga jirgin sama tsakanin 1994 da 2013 ya nuna kogunan ƙanƙarar Alaska suna asarar kusan tan biliyan 75 a shekara, kuma mafi yawan asarar daga narkewar sama take, a kogunan da ke ƙarewa a tudu ko a tafki, waɗanda ba su da uzurin ruwa mai zurfi na teku. Molnia ma ba tasha ɗaya ya maimaita ba. Ya bi tashoshi da yawa a Glacier Bay da Kenai Fjords da wasu wurare, kuma a cikinsu akwai inda ƙanƙara ta matso. Ƙarfin aikin yana cikin tarin, har da hotunan da ba su goyi bayan labarin ba. Na Muir ya yi suna ne don ya fi kowanne razanarwa, wanda kuma shi ne dalilin da ya sa ya fi kowanne buƙatar bayani a ƙarƙashinsa.

Akwai kuma abin da sauyin fasaha ke sakawa a zuciyar mai kallo ba tare da ya lura ba. Baƙi da fari yana sa wuri ya yi kama da sanyi da tsufa, kala kuma tana sa shi ya yi kama da ɗumi. Da ni ne mai shirya su, da na ajiye kwafin na 2004 a baƙi da fari kusa da na 1941, don a ga ƙanƙara da ruwa kawai. Bambancin ba zai ragu ba, sai dai a rufe bakin mai cewa kala ce ta yi aikin.

Sai dai a yi asarar koren nan, kuma koren shi ne rabin labarin. Yawancinsa wani itace ne da ake kira alda, wanda ke iya rayuwa a kan tsakuwar da ƙanƙara ta bari saboda wasu ƙwayoyin halitta a saiwarsa suna kamo naitirojin daga iska su ba shi. Ganyensa na zuba ya ruɓe, ƙasa ta samu, wasu itatuwa su biyo baya. A bakin Glacier Bay, inda ƙanƙara ta tashi fiye da shekara 200 da suka wuce, yanzu kurmi ne na dogayen itatuwa. Field a kan dutse tsura ya tsaya, yana ganin ko'ina. Molnia ta saman ganye ya leƙa. Hotunan suna ajiye a cibiyar tattara bayanan ƙanƙara da ke Boulder a jihar Colorado, da ranakunsu da sunayen waɗanda suka ɗauka, kuma yanzu da GPS nemo tashar ba zai yi wuya kamar da ba. Wanda zai ɗauki na gaba zai iya isa daidai inda Field ya kafa ƙafar kyamararsa, ya ɗaga kai, ya tarar da rassa sun rufe kwarin, Riggs da ruwan da duwatsun ƙurya duk suna bayan ganye.